Zanen goyon gaba da na yanka da almakashin gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Na jima ina son rubuta wannan abun, tun ranar da wata baiwar Allah ta tare ni a layin rigakafi tana tambayata a ina na sayi abin da na ɗaure 'yata dashi a ƙirji, nace mata ba saya nayi ba, yadi ne kawai na yanka, ko kan keken tela bai hau ba, ta tsaya tana shafa shi tana juyawa dan bata yarda ba.

'Yata bakwaini ce. Cikin bai cika wata takwas ba ta zo, ƙarshen Disamba, tsakiyar hunturun Kano, kilo 1.8, hannunta kamar yatsana biyu a haɗe. Kwana uku tayi a kwalba, rana ta huɗu wata Sista babba ta zo tace "ƙanwata buɗe rigarki", ta cire wa yarinyar komai sai famfas da hula da safa, ta kwantar min da ita a tsaye tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, ta juya mata kai gefe guda, ta ɗauko zanina ta ɗaure mu tare. Tace daga yau kece kwalbarta. Wallahi kuka nayi, dan ranar ne na fara jin numfashinta a jikina.

Matsalar ta fara ne da muka koma gida. Zanin atamfa an yi shi ne dan goyon baya, a can yaro na da mazauni, ƙugunki ya tare shi, majanyi ya riƙe ƙasa. A gaba kuwa babu abin da ke rataye a kafaɗa, in na tashi tsaye sai inji yana sulluɓewa, hannuna ɗaya kullum na ƙarƙashinta, ko ruwa zan sha sai an miƙo min. Ga shi an ce ta riƙa yin awowi da yawa a jikina, dare da rana in zai yiwu. Maigida ya nemo na kanti a waya, irin dogon nan da ake naɗawa, kuɗin da aka faɗa mana ya kusa kama na turmin atamfa mai kyau, mu kuma asibiti ya gama kwashe abin hannunmu ga hidimar suna. Na ƙura wa hoton ido na ɗan lokaci sai naga ai babu zif, babu maɓalli, babu ƙarfe, tsabar yadi ne dogo. Nace toh wannan ai ba sai an yi min odarsa ba.

Tunda ina jego ba fita zanyi ba, Yayata na roƙa ta shiga Kantin Kwari, na bata tsohuwar tishat ɗin maigida nace irin wannan yadin zaki nemo, mai jawuwa, amma na auduga, kar su baki mai santsin nan mai sheƙi da yake sa zufa. Wannan dabarar ta riƙe samfur ku ɗauke ta, dan in kika ce "yadin roba" kawai kala goma za'a zube miki. Ki ja shi ta faɗi ki saki, in ya koma yadda yake toh yayi, in ya tsaya a saɓule barshi. Ki kara shi a hanci kiyi numfashi, in kinji iska na wucewa shikenan. Kar ya zama shara-shara kuma kar ya zama mai kaurin rigar sanyi.

Yadi biyar da rabi ta siyo, kusan mita 5 kenan. Irin wannan yadin yawanci faɗinsa inci 60 ne, ke kuma inci 20 kike buƙata, dan haka in kika tsaga shi ta tsawo gida uku kin samu zanen goyo uku a kuɗi ɗaya. A nan arhar take. In ku biyu ne ko uku masu ciki sai ku haɗa kuɗi ku raba. Ni dai na riƙe biyu saboda tumbuɗi, ɗaya na jiki ɗaya na kan igiya. Wasu na siyan rabin tsawon su haɗa da ɗinki a tsakiya, ni ban so haka ba, tsakiyar nan ita ce ke bayan yarinya, bana son in dogara da zare a wurin.

Kafin ki yanka ki wanke shi da sabulu mara ƙamshi ki shanya a rana, dan yana ɗan tsukewa a wankin farko kuma ƙurar kasuwa ta fita. Muka shimfiɗa shi a tsakar ɗaki, Yaya ta riƙe can ni na riƙe nan, muka auna da tef muka ja layi da guntun sabulu, muka bi da almakashi. Layin namu bai miƙe sosai ba kuma babu abin da ya ɓata, bakin yadin da kansa yake nannaɗewa, baya zarewa irin na atamfa, shi yasa ba sai an yi kalmasa ba. Ƙarshen biyu na ɗan fiƙe su suka yi tsini dan ƙullin kar yayi ƙato. Sai na ninka biyu na nemo tsakiya na ɗinka ɗan ƙyallen atamfa da allura a wurin, ko cikin duhu na laluba nasan inda zan fara.

Ɗaurin ne ke tsorata mutane, amma in kin iya ɗaurin ɗankwali wannan ba komai bane. Ki ɗora tsakiyar a kan cibiyarki, ki kai ƙarshen biyu baya ki gicciya su, ki ɗauko su ta kan kafaɗu su sauko gaba, ki zura su ta ƙarƙashin wanda ke kan ciki, ki ja sosai, ki sake gicciyawa a daidai ƙirji, ki zagaya baya ki ƙulla sau biyu, in ya yi saura ki dawo dashi ki ƙulla a gefen ƙugu dan kar ƙullin ya tokare ki in kin jingina. Kar ki bari ya murɗe a baya, a baje zaki barshi, nan ne nauyi ke rabuwa. Kuma ki ɗaura shi tam kamar riga mai kama jiki tun kafin ki sa yaro, kuskuren da nayi a farko kenan, ina barin wuri wai dan ta samu sarari, ashe jawuwar yadin ita ce sararin. Ki fara sa yaron a cikin giccin da ke manne da jikinki ki baje shi daga wannan gwiwa zuwa waccan, sai na biyun, sai ki jawo na cikin nan sama ya rufe bayansa. Ban fara da ita ba, shinkafa na ƙulla a leda mai nauyin kamar kilo biyu na naɗe da tawul nayi ta gwadawa a gaban madubi, kuma ranar da muka koma awon nauyi na tafi dashi Sista ta duba da idonta ta gyara min tsayin bakinsa, tace ya tsaya a ƙasan kunne. Duk mai bakwaini dan Allah ta yi haka, kar ta tsaya a bayanina kaɗai.

Hajiyar maigida da ta gani hankalinta bai kwanta ba. Tace "'yar nan mu dai a baya muka san goyo, wannan naɗe-naɗen na Turawa ba zaki toshe mata numfashi ba?" Kuma tsoronta na kan hanya, dan abin da ake tsoro kenan. Jariri in haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa hanyar iska na matsewa kuma bashi da ƙarfin ɗago kai, ba lallai ma yayi kuka ba. Shi yasa kullum fuska a buɗe ba cikin yadi ba, hanci da baki kina ganinsu, yatsa biyu su shiga tsakanin haɓa da ƙirji, kansa a sama inda in kin sunkuyo leɓenki zai taɓa shi, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo gwiwa ta ɗara ɗuwawu tsayi. Sai maganar hijabi, wannan tamu ce kuma ina faɗa da babbar murya, kar ki zura babban hijabi ki rufe yaro ruf a ciki ki kama tafiya baki ganin fuskarsa. Ni mayafi nake yafawa in bar gaban a buɗe. Gaban murhu, gas, tukunyar ruwan wankan jego, kofin shayi mai zafi, duk babu ke babu su in yana ƙirjinki.

Maganar na Turawa ne kuwa nace mata Hajiya ba daga masu kuɗi abin ya fito ba. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara a 1978, wani likitan yara Edgar Rey Sanabria, asibitinsu kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda ɗaya suna ɗaukar cuta, sai ya koma ga ƙirjin iyaye mata. Sunan kangaru aka sa masa saboda dabbar nan ta Ostareliya mai rainon ɗanta a aljihun ciki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa ga bakwaini da masu ƙaramin nauyi, awa 8 zuwa 24 a rana. Tayi shiru tace toh ai talaka ya san ciwon talaka. Bayan kwana biyu ina shiga wanka safe da yamma ita ke karɓar ɗaurin, wataran kuma uban, ya cire riga ya zauna a kujera da ita kamar an dasa shi, ko waya ta yi ƙara baya motsi.

Da ta haura kilo 2.5 da kanta ta fara mutsu-mutsu tana ƙin zaman fata da fata, sai na koma sa mata kaya in ɗaura ta haka in yi shara da ninkin wanki da hannu biyu. Zafin Afrilu ne ya raba mu dashi, ninki uku a wannan rana ba'a magana, lokacin kuma wuyanta ya tsaya sai Umma ta aiko min da majanyinta na saƙi wanda ta goye mu dashi, na wanke sauran atamfa yadi biyu sitacin ya fita muka koma baya. Mai jawuwar nan dai kar a kuskura a yi goyon baya dashi, yaro in ya bankare yadin binsa zaiyi ya zubo.

Na ukun da na ajiye, matar layin rigakafin na kai wa. Ƙanwarta ce ta haifi tagwaye ba su kai lokaci ba, muka tsaga wani sabon yadin a tsakar gidansu, ɗaya a ƙirjin uwar ɗaya a ƙirjin kakar.