Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Bar-su Ya Shigo Gidanmu

Makon jiya na tsaya a inda muka bar gidanmu na gado a Birni, ni da maiɗakina da yara biyu, muka kama haya a bakin gari, wajen hanyar Tanut. Shekarar 2011 ke nan, wadda aka buɗe matatar mai ta Damagaram.

A Birni ba mai tunanin ajiye kare. Lungu matsattse, gida jikin gida, baƙo ba zai wuce ƙofa uku ba sai wata tsohuwa ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Sabuwar unguwarmu kuwa kangaye ne da filaye da manyan duwatsu, katangarmu ta ƙasa ko kafaɗata ba ta kai ba. Saura kwana 4 Layya aka haura mana da dare. Da asuba na fito alwala, sai turke da guntun igiya. Ragon da na yi wata uku ina hana idona barci a kan keken ɗinki saboda shi ya tafi. Ranar salla naman maƙwabta muka ci.

Akwai wani Buzu da ke gadi kusa da shagona a Kasuwar Dole. Da ya ji labari bai ce komai ba. Bayan mako biyu sai ga shi da kwikwiyo cikin buhu, irin karnukansu na daji, siriri, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame kamar bai taɓa cin abinci ba. Maiɗakina ce ta raɗa masa suna Bar-su. Wanda ya san matan Damagaram ya san sunan ba don karen aka sa shi ba, akwai waɗanda ake so su ji idan an kira.

Rigimar farko daga Inna ta fito. Ranar Juma'a ta hawo kabu-kabu daga Birni, ta yi sallama, sai ta ji haushi. A bakin zaure ta tsaya. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Kai, me nake ji haka?"

"Inna, na gadi ne. Kin san abin da ya same mu."

"Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Inda ba su shiga ba, ni me zai kai ni?"

Tabarma aka shimfiɗa mata a waje. Nan ta sha fura, nan ta ga jikokinta, nan ta yi La'asar ta tafi.

Abin ya tsaya mini a rai, na je wurin malamin da na yi Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a gabansa. Bai sassauta mini ba da farko. Ya ce littafin ya hana ajiye kare a gidajen birni, an yarda da shi ne don gona ko dabbobi ko farauta, ya kuma tuna mini hadisin raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye shi ba da dalili ba. Sai ya yi murmushi, ya ce masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin, da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan, kare ya ajiye, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ya ƙara da cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma kwanon da ya sa baki a wanke shi sau 7. "Ka ɗaure shi daga ƙofa, kada ya shiga inda ake salla, kada kuma ka bar shi da yunwa, don za a tambaye ka."

Na kai wa Inna wannan bayani da murnata. Ta ce, "Malam ya yi karatu, ni kuma na yi tsufa." Ba ta shiga ba.

Ci bai dame mu ba, ƙanzo da dusa da ƙashin da wani mahauci ke ajiye mini sun wadatar. Ruwa ne aiki. Duk ɗan Damagaram ya san bazara: famfo ya kwana uku bai ce uffan ba, sai ka tsaya a titi kana roƙon ɗan ga-ruwa kamar kyauta zai ba ka. Kowane bido da lissafinsa. Akwai ranar da maiɗakina ta ce, "Malam, zaɓi ɗaya, ko ya sha ko in wanke tukunya." Ya sha.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɗaurin. Karen da aka halitta don bin zomo da barewa, ga shi a gindin dogon yaro yana kewaya igiya. In na dawo daga masallaci da asuba nakan kai shi bayan duwatsu in sake shi, ya yi gudu har sai ya zama ɗigo. In aiki ya yi yawa ban kai shi ba, daren nan unguwa ba ta barci. Wani Alhaji da muke katanga ɗaya ya kai ƙarata wurin mai unguwa har sau biyu. Da Layya ta zagayo kuwa, a jikin katangarmu ya kafa turken ragunansa. Ban ce masa komai ba, maiɗakina dai ta yini tana kiran sunan karen.

Laifina ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Tun yana ƙarami aka ce in kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Na ce gobe, na ce bayan salla, har shekara ta wuce.

Wata magariba ina shago yarona ya zo a guje. Igiya ta tsinke, wani almajiri ya shigo da kwanonsa, Bar-su ya kama shi a sha-raɓa. Na tarar da maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta durƙusa tana wanke ciwon da sabulu, ta ce sai an yi minti 15 ana kwarara ruwa. Bidon da ya rage mana kaf ya tafi a nan. Ta ce daren nan za a kai shi asibiti a fara allura, don cutar in ta nuna alama ba ta da magani. Ta kuma hana samarin da suka taru da sanduna, ta ce kada a kashe karen, a kulle shi likitan dabbobi ya sa masa ido na kwanaki, da haka za a san abin da ake ciki.

Sannan ta ɗago ta dube ni. "Malam, ina katin allurarsa?"

Ban kai ga amsawa ba muka ji sallama daga zaure. Malamin yaron ne, da manyan almajiransa a bayansa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.