Yadda na zaɓi wurin fatsa da kayak a tekun Legas bayan ya kifar da ni

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, tun ban kai shekara 10 ba nake riƙe filafili a kwale-kwalen kawuna. Yanzu harkar albasa nake a kasuwar Mile 12 a Legas, kuma duk shekarun da na yi a garin nan abin da na fi kewa bayan mahaifiyata shi ne su. To akwai abokina direba a Lekki, maigidansa na da kayak guda biyu a jingine a bayan gida, irin ƙaramin kwale-kwalen robar nan na mutum ɗaya da ake zama a samansa, filafilinsa baki biyu. Ya roƙa aka ba mu aro. Wata Lahadi a watan Yuli muka ɗora su a mota muka nufi wani bakin teku can ɓangaren Lekki, dalilinmu kawai shi ne nan ya fi kusa kuma akwai wurin ajiye mota.

Wallahi ko mita 20 ban yi ba. Igiyar farko na haye ta, ta biyu ta ɗaga hancin kayak ɗin ta juya shi gefe, ta ukun ce ta kifar da ni ta murza ni da yashi. Na tashi baki cike da gishiri, kafaɗa ta goge, sandar fatsar da na saya sabuwa ta tafi har yau. Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba faɗuwar ba ce, da na miƙe ruwa iya ƙugu sai na ji yashi yana zarewa a ƙarƙashin ƙafata ruwan yana jana baya da ƙarfin da ban taɓa ji a kogi ba, kuma ko rigar ruwa babu a jikina. Allah ne ya tsare kawai.

Akwai wani dattijo masunci Ba'ilaje zaune yana gyaran taru, duk abin a gaban idonsa aka yi. Na je na gaishe shi muka yi magana da buroka. Na ce Baba, ni fa a ruwa aka haife ni. Ya ce Malam, ruwanku hanya ɗaya yake bi, wannan kuwa sau huɗu yake canza shawara a rana. Sai ya kama hannuna ya nuna min wani wuri da igiya ba ta fashewa, ruwan ya ɗan fi duhu ya kwanta lumui kamar nan ne ya fi daɗin shiga. Ya ce in zuba ido kan wata ledar fiyawata da ke yawo a wurin. Ina kallo ledar nan ta miƙe ta nufi tsakiyar teku kamar ana janta da zare, cikin ɗan lokaci ta ɓace min. Ya ce ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa ta irin wannan hanyar yake komawa, in ta ɗauke ka kada ka yi kokawa da ita kai tsaye, gefe ake yi a bi layin gaɓa har a fita daga cikinta.

Daga ranar na ajiye maganar shiga ruwa, na koma neman wuri da ƙafa da ido, kuma ya ɗauke ni watanni saboda sai ran Lahadi nake samun sarari. Tambaya ɗaya nake yi wa duk wurin da na je: in na kife a nan, ko hannuna ya gaji, ina ruwa da iska za su kai ni, kuma ta ina zan fito?

Da wannan tambayar duk bakin tekun da ke fuskantar Atlantika kai tsaye ya fita daga lissafina, tun daga Lekki har can gaba. Gaɓar Legas ba ta da wani tsibiri ko dutse da ke tare mata igiya, daga nesa take tahowa ta fashe dab da yashi, kuma ƙasan wurin yana zurfafa da sauri. Da damina abin ya fi muni, wato Yulin da muka zaɓa yana cikin mafi munin lokaci. Wanda ya san tsohuwar Bar Beach ya san irin cin da teku ya yi mata kafin a cike wurin a gina sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangar duwatsunta. Masunta suna ratsa igiyar nan kullum, gaskiya ne, amma da manyan jirage na katako da inji da mutane da yawa, kuma sun gaji abin ne.

Sai na juya ta ciki. Ruwan da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island, wanda ake kira Five Cowrie Creek, a ido kwance yake kuma har masu kayak na gani a ciki. Na zauna kusa da gadar Falomo kusan awa biyu ina kallo. Jiragen inji ba sa yankewa, na fasinja da na masu kuɗi, kowanne ya wuce sai ya bar igiya tana dukan bango tana dawowa, kuma mafi yawan gefen duk katanga ce da jeti na mutane, babu yashin da za ka jawo kayak ka huta. Mai tuƙi kawai zai iya lallaɓawa, amma mai fatsa da kansa ke sunkuye yana ɗaura ƙugiya bai ga abin da ke tahowa ba, ban yarda da shi ba. Babban lagun kuma, wato faffaɗan ruwan ciki da ke haɗe da teku, ta wajen gadar Third Mainland faɗinsa ya yi yawa ga sabon shiga, in iska ta taso da rana babu maɓoya, ga tarun mutanen Makoko da turakunsu, ga kainuwa da ke toshe hanya ta wajen Ikorodu a ƙarshen damina.

Inda hankalina ya kwanta shi ne Tarkwa Bay. Ba a zuwa da mota sai ta jirgi, daga Marina ko Victoria Island tafiyar ba ta da nisa. Abin da ya bambanta shi, yana cikin lungu ne tsakanin katangun duwatsun da Turawa suka zuba a bakin mashigar tashar jirage tun wajen 1908 zuwa 1912, su ne ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Yashi ne mai gangara a hankali, kana iya tafiya da ƙafa ruwa na hawa kaɗan kaɗan, akwai mutane a gaɓa da masu jirage da za su gan ka in wani abu ya faru. Amma dan Allah kada wani ya ji na ce haka ya ɗauka tafki ne. Igiya tana shiga, har masu wasan hawa igiya da allo suna taruwa ta jikin duwatsun, wannan gefen nasu ne ka bar musu. Bayan katangar kuma Lighthouse Beach ce, teku ne sosai irin wanda ya kifar da ni. Sannan babban haɗarin yana gaba: bakin lungun yana kallon hanyar da manyan jiragen kwantena ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can. Jirgin nan ba ya ganinka, ko ya gan ka ba zai iya tsayawa ba, kuma in ruwa na janyewa duk ruwan lagun ta wannan mashigar yake fita teku da gudu. Sau biyu na je wurin ba tare da kayak ba, na tambayi masu jirage inda suke bi da inda ba sa bi, na sa wa kaina iyaka da ido, daga kaza zuwa kaza, ko kifi na tsalle a gaba ba zan wuce ba.

Lokaci ma ashe rabin wurin ne. Ruwan teku yana hawa kamar awa 6 ya sauka kamar awa 6, sau biyu a yini da dare, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. A nan lissafin watanmu na Musulunci ya yi min amfani sosai, domin ƙarfin hawa da saukar yana bin wata ne: lokacin tsayuwar wata da wajen 14 ga wata ruwa ya fi ja, wajen 7 ko 8 ga wata da kuma 22 ko 23 jan ya fi sauƙi. Akwai jadawalin a intanet, ka duba na Legas a waya. Iska kuma da safe take kwance, da rana ta taso daga teku. Hunturu yana da nasa sharrin, ruwa zai yi kyau a ido amma iskar daga tudu take busowa tana tura ka waje, ga hazo da zai ɓoye maka gaɓa. Ranar da aka tashi da hazo a fasa kawai.

Mun koma a watan Fabrairu, ranar da ta dace da 8 ga wata, sama garau. Mun yi asuba muka kama hanya, muka yi ciniki da mai jirgi ya ɗauke mu da kayak ɗin biyu. Kowa da rigar ruwa a ɗaure, ba a ajiye a gefe ba, dama LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ba ta yarda a hau jirgi babu ita. Na rataya usur a wuya, waya a cikin jakar roba mai zif da lambobin kiran gaggawa 112 da 767 a ciki, filafili na ɗaure shi da igiya a jikin kayak, sandar fatsa ma haka. Na gaya wa ƙanina a Mile 12 inda muke, na ce in azahar ta yi bai ji ni ba ya fara kira.

Kafin mu jefa ƙugiya ko ɗaya sai da muka yi abin da na so a ce mun yi tun farko. A ruwa iya ƙirji na kifar da kayak ɗin da gangan na gwada hawa. Na farko na kasa, na biyu na kasa, sai a na uku na gane ashe ba da ƙarfin hannu ake hawa ba, kwanciya ake yi a ruwa ƙafafu a baya, ka ja cikinka kan wurin zama kamar mai hawa katanga sannan ka juya ka zauna. Abokina ya ce Malam wannan ai ya gajiyar da mu tun ba mu fara ba. Na ce gara mu gaji a inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Ruwa na hawa muka shiga, don ko mun saki filafili ciki zai turo mu ba waje ba. Sanda ɗaya kowa, ƙugiya ɗaya, koto jatan lande ɗanye. Ba mu yi nisan da za mu daina jin muryar mutanen gaɓa ba. Duk bayan 'yan mintoci ina ɗaga kai in daidaita wata bukka da wata bishiyar kwakwa a bayanta, in na ga sun rabu na san ruwa ya matsar da ni sai in dawo. Can wajen ƙarfe 9 wani jirgin kwantena ya shigo, tsayinsa kamar bene, ya wuce can nesa shiru, sai bayan ya wuce da ɗan jimawa igiyarsa ta iso mana, muka juya hancin kayak muka fuskance ta ta ɗaga mu ta sauke.

Na kama kifin da ake kira kuroka guda biyu matsakaita, abokina ya kama ɗaya, wani kuma ya tsinke masa zare bai ga ko kalarsa ba. Wajen 10 da rabi na ji iska ta fara taɓa min kunne, ruwan ma ya kusa cika, kifi kuwa lokacin ya fara ci sosai. Abokina ya ce mu ƙara ko minti 20. Na ce a'a, muka naɗe zare muka fito. Da daddare a ɗakina na soya kuroka ɗin da yaji da albasar Yawuri, na kira kawuna na ba shi labarin ledar fiyawatan nan, ya yi shiru yana saurare sannan ya ce in na zo gida da sallah in zana masa yadda mashigar take a ƙasa.