Yadda Na Tsinci Kaina Alƙalin Besbol

Ban san komai game da besbol ba sai da ɗana ya shiga Little League, wato gasar besbol ta yara, ta unguwarmu a nan Amurka. Ranar rajista aka ce alƙalan wasa sun yi ƙaranci, ana neman iyayen da za su taimaka. Kowa ya duƙufa kan wayarsa. Ni kuwa da na taɓa hura usur a ƙwallon unguwa a Zariya, sai na ɗauka duk kanwar ja ce, na ɗaga hannu.

Safiyar Asabar ɗaya tak aka yi ana koya mana. Aka miƙo mini ragar fuska, da sulken ƙirji mai tsamin gumin wani, da ɗan abin ƙirgen jifa da ake riƙewa a hannun hagu, tunda da dama ake nuna hukunci. Ko sisi ba a biya. Ba rowa ba ce, tun da Carl Stotz ya kafa Little League a garin Williamsport a 1939 a kan aikin sa kai take tafiya, har alƙalan babbar gasar da ake yi can duk watan Agusta ba su da albashi.

A doka, jifa mai kyau ita ce wadda ta ratsa saman farantin da ke ƙasa a gaban yaro mai bugu, tsakanin hammatarsa da saman gwiwarsa. Faɗi ba wuya. Amma ƙafa 46 ne kacal tsakanin mai jifa da farantin, kana tsugune cinyoyinka na rawa, mai cafe ɗan shekara 10 ya miƙe ya tare maka gani.

A wasana na uku na sha kunya. Yaro ya sheƙo a guje ya zame, ƙura ta tashi, na daka tsawa na ce ya fita. Da ƙurar ta lafa sai ga ƙwallon tana gangarawa a ƙasa, ashe ta suɓuce wa mai cafe. Wani uba ya kama ragar shinge yana jijjigawa kamar na ci masa gado. Bayan an tashi, wani dattijo da ya daɗe a aikin ya ja ni gefe ya ce garajena ne matsalar: in gani, in nemi inda ƙwallon take, in ja numfashi, sannan in buɗe baki. Wannan daƙiƙa ɗayar ta fi mini horon Asabar amfani.

Ba zan kare mu ba, da yawanmu ba mu ƙware ba. Sai dai masu ihun ma dokar ba ta zauna musu ba. Sun rantse hannun mai bugu ɓangaren sandarsa ne, alhali babu wannan a littafin. Su yaran ba su cika damuwa ba, muddin abin da na kira mai kyau a zagayen farko shi zan kira a na shida.

Mai jijjiga shingen nan mun gaisa a ƙarshen kakar wasa. Na miƙa masa ragar fuskar, na ce baɗi muna neman mutum. Ya shafa gwiwarsa, ya ce likita ya hana shi tsuguno.