Kabarin kare a Beddgelert da babin da na sake rubutawa

Yayyafi ake yi ranar da na sauka daga bas a Beddgelert, wani ƙauye da ke cikin duwatsun Eryri a arewacin Wales. Na bi gefen kogin Glaslyn, tafiya 'yar kaɗan, sai ga abin da ya kawo ni: 'yan duwatsu a gindin bishiya, an kewaye su da shingen ƙarfe, da alluna biyu na dutse, ɗaya da harshen Welsh, ɗaya da Turanci. A nan aka ce an binne Gelert, karen farautar Llywelyn Mai Girma, sarkin Gwynedd da ya rasu a 1240.

Wai wata rana sarki ya dawo daga farauta, karen ya tarye shi da murna, baki duk jini. Ya leƙa ɗaki ya ga gadon jaririn ɗansa a kife, babu yaro. Nan take ya zare takobi ya soke karen. Kukan da karen ya yi ne ya ta da jaririn, sai ga shi a ƙarƙashin gado lafiya lau, kusa da shi ga gawar kyarkecin da Gelert ya kashe. Aka ce sarkin bai ƙara murmushi ba har ya bar duniya.

A lokacin ina digiri na biyu kan adabin baka, kuma na zo ne da amsata a aljihu. Na riga na karanta cewa kabarin ba tsoho ba ne. Wani mai masaukin baƙi a ƙauyen, David Pritchard, shi da 'yan gari suka tsara shi a shekarun 1790, lokacin da yaƙi da Faransa ya hana masu hali na Ingila yawon buɗe ido a nahiyar Turai, suka karkato zuwa duwatsun Wales. A 1800 William Robert Spencer ya rubuta waƙa kan karen, labari ya bazu. Shi kuwa sunan ƙauyen, ko da yake "bedd" na nufin kabari, masana sun fi karkata ga cewa kabarin wani mai ibada ne na farkon zuwan Kiristanci yankin, Celert, ba kare ba. Na haɗa waɗannan duka, na rubuta babi guda, na kira labarin ƙaryar 'yan kasuwa, na miƙa ina jin na kama ɓarawo da kaya a hannu.

Malamar da ke duba aikina ta karanta a gabana, shafi bayan shafi, ba ta ce uffan ba. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Duk abin da ka rubuta gaskiya ne. To, shi mai masaukin a ina ya samo labarin? Kuma me ya sa aka riƙe shi fiye da shekara ɗari biyu?" Na rasa ta cewa. Duk ƙarfina ya tafi ne wajen tabbatar da cewa babu kare a ramin, ban taɓa tambayar kaina daga ina labarin ya taso ba.

Wata guda na yi ina bin sawu, kuma abin da na gano ya girgiza ni, don na taɓa jin labarin nan tun ina yaro. Kawuna yakan karanta mana Kalila wa Dimna a zaure bayan isha'i, yana fassara Larabcin da Hausa. A ciki akwai mai ibadar da ya bar jaririnsa da tunku, tunkun ya kashe macijin da ya nufo yaron, ya fito da jini a baki, mutumin ya buge shi da sanda kafin ya duba. Ibn al-Muƙaffa ne ya mayar da littafin Larabci a ƙarni na 8, asalinsa kuwa Indiya. A Turai tunku ya zama kare. A ƙarni na 13 wani limamin coci, Stephen na Bourbon, ya tarar da ƙauyawa kusa da Lyon ta Faransa suna kai yara marasa lafiya kabarin wani kare mai suna Guinefort, wanda aka ce ubangidansa ya kashe shi bisa irin wannan kuskure. Ashe Pritchard bai ƙago komai daga iska ba. Ya tarar da labarin da ya yi shekara aru-aru yana yawo, ya ba shi masauki.

Tambayar Malama ta biyu ta fi ba ni wahala, kuma ita ce ta fi amfanar da ni. Ban yarda cewa kuɗi kaɗai ke riƙe labari ba. Dabarun jan baƙi nawa aka yi suka mutu? Wannan ya kama ne saboda an rataya shi a wuyan Llywelyn, ɗaya daga cikin manyan sarakunan da mutanen Wales ke tuna 'yancin ƙasarsu da su, ƙasar da Edward na Ɗaya na Ingila ya ci da yaƙi a 1282 zuwa 1283. Sannan ciwon da ke cikinsa kowa ya san shi, ciwon da-na-sani bayan ka cuci wanda ya yi maka alheri.

Tun daga nan na canza yadda nake aiki. In na samu labarin gargajiya, nakan buɗe shafi biyu: ɗaya na abin da ya faru, ɗaya na waɗanda suka ba da labarin, yaushe, ga wa, kuma don me. Na farkon ba na sassauta masa, shekarar 1790 da wani abu tana nan a babina, haka sunan Celert. Amma na cire kalmar ƙarya.

Na koma Beddgelert kafin in miƙa kundin. Na tarar da wata dattijuwa da jikarta a bakin shingen, tana karanta mata allon da harshen Welsh, a hankali, tana bin layin da yatsa. Ban ji kalma ko ɗaya ba sai sunan Gelert. Da suka kai ƙarshe yarinyar ta tsuguna, ta tsinci wani ɗan farin dutse a cikin ciyawa, ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan ta ajiye shi a kan kabarin.