Abin da kambin ganye ya koya mini a hotunan zamanin Barok

Nazarin hotunan manyan Turai na ƙarni na 17, wato zamanin da ake kira Barok, ya koya mini in fara duba gefen hoto kafin in kalli fuskar mai shi. Da tsinin ƙarfe ake ƙarza waɗannan hotuna a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. Ganye guda kan ci layuka bila adadin, kowanne da hannu, don haka babu mai ɓata kwanaki yana kewaye fuska da kambin ganyen lorel don ado kawai.

Ganyen nan shi ne wanda muke jefawa busasshe a dafa-duka. A wurin Girkawa bishiyar abin bautarsu Apollo ce, da ita ake naɗa wanda ya ci gasa a garin Delfi. Romawa suka ɗora wa sarkin yaƙin da ya dawo da nasara, sannan a 1341 aka naɗa wa mawaƙi Petrarch a birnin Rum. Bishiyar ba ta zubar da ganye ko da hunturu, shi ya sa ta zama alamar sunan da ba ya mutuwa, mai takobi da mai alƙalami duk suna nema.

Inda aka ajiye kambin ma magana ce. A hoton marubucin Ingila Ben Jonson da Robert Vaughan ya yi, a kansa aka ɗora, ba kwana-kwana. Robert Nanteuil kuwa, wanda ya rasu a 1678, mai yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 hoto, in zai sa ganye yakan jera shi a kan da'irar da ta kewaye mutumin, tambarin gidansu a ƙasa. Wannan ya fi kwanta mini. Yabo yana waje, fuska kuma an bar ta da tamojinta da gajiyar idonta, kamar mutumin zai buɗe baki.

Abin da ya fi sauya mini aiki shi ne gane cewa kambin kirari ne, kirari kuma akwai mai biya. Da yawa daga hotunan Nanteuil ɗalibai ne a Faris suka sa a yi, su ɗora a saman takardar kare karatunsu, su sadaukar ga wani minista ko babban limamin coci da suke neman alfarmarsa. Yanzu kafin in rubuta cewa wane gwarzo ne saboda an kewaye shi da lorel, sai na nemo wanda ya ba da aikin, da shekarar, da muƙamin da yake hange.