Kafin a yi wa mai ciwon suga maganar tuwo, a duba na'urarsa

Zaman masu ciwon suga da muke yi a unguwarmu a Garwa ta Kamaru, a zauren mai unguwa bayan la'asar, mun fara shi ne da abin da kowa ya sani: rage malmalar tuwo, ƙara ganye a miya, barin shayi da folere masu suga, tafiyar ƙafa ta minti 30, duba tafin ƙafa a lokacin alwala. Ni aikin jinya nake yi, kuma wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Abin da ya kusa cinye mana rai lamba ce a fuskar na'urar gwaji, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

A asibitocinmu da giram a lita ake rubuta sakamako, g/L. Likita ya rubuta 1,26 a karne, wato littafin asibiti, mara lafiya ya haddace cewa ɗaya da 'yan kai lafiya ne, biyu ya yi yawa, uku kuwa sai asibiti. Wannan daidai ne. To amma na'urorin da ke gidajen mutane ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Wata an saye ta a kantin magani a nan, wata ta tsallako daga Najeriya, wata ɗa ne ya aiko daga Ingila. Wasu da mg/dL suke nunawa, wasu da mmol/L. Jini guda, digo guda: 1,26 a g/L shi ne 126 a mg/dL, shi ne kuma 7.0 a mmol/L.

Wanda na'urarsa ta nuna 126 ba ya shiga haɗari, don ya san ba lambar asibiti ba ce, zai zo ya tambaya. Masifar tana tsakanin 2 da 4. A g/L wannan suga ne da ya hau sosai. A mmol/L kuwa suga ne da ya faɗi, mai shi yana dab da suma.

Haka ta faru da wani dattijo cikinmu mai shan glibenclamide, ƙwayar rage suga. Ya tashi da rawar jiki da gumi, aka gwada shi da sabuwar na'urar da aka aiko masa, ta nuna 3.4. Uwargidansa mace ce mai kula, ba ta taɓa fashin zama ba, ta kuma riƙe cewa uku ya yi yawa. Sai ta ƙara masa ƙwaya, ta hana shi kunu. Wannan 3.4 ɗin 0,61 g/L ne. Kafin azahar ba ya gane kowa, maƙwabta har sun fara cewa iska ce, a kira malam. Allah ya sa aka ɗauke shi zuwa asibiti aka ɗaura masa ruwan suga, ya kwana biyu ya tashi. Da na je dubiya ta ce da ni: «'Yar nan, ai abin da aka ce mana shi na yi.» Gaskiyarta. Wanda ya sayar da na'urar bai faɗa ba, takardar cikin kwalin da Ingilishi take, kuma haruffan mmol/L ƙanana ne a kusurwar gilashi, idon da suga ya taɓa ba ya ganinsu.

Daga nan muka juya zaman. Duk wanda ya zo karon farko, na'urarsa muke fara karɓa, da kwalin tsinken gwaji da ake ɗiga jini a kai, da duk maganin da yake sha, har da na gargajiya, a zube su a tabarma. A kunna na'ura a karanta ma'auninta da ƙarfi kowa ya ji. Alamar gaggawa ita ce: lambar da ba ta da ɗigo, kamar 95 ko 210, mg/dL ce, a raba ta da 100 a sami ta asibiti. Mai lamba ɗaya bayan ɗigo, kamar 5.6, mmol/L ce, a ninka da 18 a sami mg/dL. Wasu na'urori ana iya sauya musu ma'auni, da yawa ba a iyawa, a kulle suke zuwa.

Ba na sa tsofaffi lissafin ninkawa, ba ya zama. Filasta muke mannawa a bayan na'ura, a rubuta lambobi uku da ma'aunin ita wannan na'urar kaɗai, da boko ko da ajami, wanda mai ita ya fi karantawa. Ga mai mmol/L: ƙasa da 3.9 a sha suga nan take, 4.4 zuwa 7.2 da safe kafin karin kumallo shi ake nema ga yawancin manya. Sama da 16.7 a tafi asibiti. Ga mai mg/dL: 70, sai 80 zuwa 130, sai 300. Wanda likitansa ya ba shi wani mizani daban saboda tsufa ko ciki ko ciwon ƙoda, nasa muke rubutawa. Kuma sai wanda yake kwana gida ɗaya da mara lafiya ya zo ya karanta filastar a gabanmu, domin a ranar da suga ya faɗi ba mai ciwon ne yake yanke shawara ba.

Doka ta biyu da dattijon nan ya jawo mana: ba a ƙara ƙwaya ko allura saboda lamba guda. In lamba ta ce ya hau amma jiki yana gumi, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ga yunwa, a yarda da jiki. Hawan suga da ƙishirwa yake zuwa, da yawan fitsari da kasala, a hankali. Faɗuwarsa kuwa farat ɗaya ce. In an rasa tabbas a ba da suga. Cokali ɗaya ba zai kashe wanda sugansa ya hau ba, rashinsa kuwa yana iya kashe wanda nasa ya faɗi.

Adadin shi ne giram 15: ƙwayar sugan shayi uku, ko cokalin cin abinci ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai kai 70 mg/dL ba a maimaita, sannan a ci abinci mai riƙe ciki. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, shaƙewa zai yi. A kwantar da shi ta gefe a nemi abin hawa. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi a duba, domin maganin yana daɗewa a jiki, suga yakan sake faɗuwa bayan awoyi. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba, shi ya sa muke so kowa ya san sunan ƙwayarsa, ba «farar nan ƙarama» ba.

Da muka fara zube kaya a tabarma sai ga irin wannan tarkon a wurin masu insulin. Kwalba tana ɗauke da U-100, alamar ƙarfin insulin ɗin da ke ciki, sirinji kuma akwai na U-100 akwai na U-40. Wanda ya ja insulin U-100 da sirinjin U-40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Yawanci murfin na U-40 ja ne, na U-100 ruwan lemo, amma rubutun jikin sirinji muke sa a karanta, ba launi kawai ba.

Na'ura mai ma'auni daidai ma tana ƙarya in an ba ta dalili. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino yana ba da lamba mai yawa, don haka a wanke hannu da sabulu a bari ya bushe. Tsinken da ya wuce wa'adi, ko wanda aka bar kwalbarsa a buɗe, ko ya wuni a aljihun babur a zafin Maris da Afrilu, a zubar. Insulin kuma, inda babu firji ko wuta tana yawan ɗaukewa, a sa shi a roba mai murfi, a binne robar a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa, a rubuta ranar da aka fara huda kwalbar, bayan mako huɗu a canza.

Kafin azumi muna yin zama na musamman, mu gayyaci limami ya faɗa da bakinsa cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma mara lafiya yana da rangwame. Sannan mu faɗi namu: a je wurin likita tun Sha'aban a gyara lokacin shan magani, kuma ƙasa da 0,70 ko sama da 3 g/L a sha ruwa ko da saura kaɗan a kira magariba. A nan ma sai an maimaita lambobin da ma'auni uku, don «uku» ɗin nan dai shi ne ya kwantar da dattijonmu.

Abin da ban samu yadda nake so ba shi ne wajen masu sayarwa da masu rubutawa. Har yanzu ana miƙa wa tsoho na'ura a leda ba tare da an kunna ta ba, kuma har yanzu ina ganin karne da aka rubuta 2,8 tsirara, babu g/L a gefe. Abokan aikina na roƙa su riƙa rubuta ma'aunin, su kuma tambayi mara lafiya wace na'ura ce a gidansa. Wasu sun ɗauka, wasu sun ce layi ya yi tsawo. Saboda haka filasta da alƙalami ba sa fita daga jakata, kuma ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, maimakon jawabi tebur za mu kafa a bakin kasuwa, duk mai na'ura ya kawo a duba masa a manna.