Abin da Ya Sa Nake Neman Digiri na Biyu a Nazarin Tsufa

Ranar da na shaida wa mahaifina cewa ina neman gurbin digiri na biyu a fannin nazarin tsufa, sai ya ajiye carbinsa, ya dube ni, ya ce, "Yanzu tsufan ma sai an je makaranta? Ai shi zuwa yake yi, ko an karanta ko ba a karanta ba." Ban ja da shi ba.

Abin da ya kai ni ga wannan shawara ya faru ne bara da damina, a ɗakin kakata a nan Daura. Cikin kwana biyu ta daina gane jikokinta, tana ta kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, gida kuwa ya yanke cewa gigin tsufa ne, sai haƙuri. Da yake aikin jinya nake yi, na zazzage ledar magungunanta a kan tabarma, na ƙirga kala 7, biyu daga ciki maganin hawan jini ne iri ɗaya da sunaye daban, an sayo su a kemis biyu. A asibiti kuma aka gano ciwon mafitsara. Da aka rage magungunan aka yi maganin ciwon, kafin mako ya zagayo har ta fara tambayar wanda ya kwance mata akuya.

Ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya daban take da cutar mantuwa, wadda ke cin mutum sannu a hankali tsawon shekaru, amma mu duka mun haɗa su a kalma guda mun rufe maganar. Rarrabe tsufa da cuta shi ne abin da nake son in koya da tushe.

Fannin ya girmi yadda ake zato. Masanin nan Élie Metchnikoff ne ya raɗa masa suna jerontoloji a 1903, kuma fannin ya fi likitancin tsofaffi faɗi, domin ya haɗa jiki, ƙwaƙwalwa, zaman iyali, har da batun fansho. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin halittar ɗan'adam ba sa rabuwa har abada, suna tsayawa bayan kamar sau 50, kuma binciken da aka yi kan telomiya, wato murfin da ke bakin zaren gadon halitta a cikin waɗannan ƙwayoyin, ya sami kyautar Nobel a 2009. Wannan yana burge ni, sai dai ba shi ne zai hana wata tsohuwa shan magani ninki biyu ba.

Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe makarantar wannan fanni tun 1975, amma hankalina ya fi karkata ga Ibadan, inda asibitin koyarwa ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012. Dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa ma, a 2018 shugaban ƙasa na wancan lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sanya mata hannu, ko da yake doka ba ta aiki sai da ƙwararrun da za su ɗauke ta.

Na riga na tsara abin da zan bincika idan Allah ya sa na sami gurbin: zan bi unguwannin Daura gida gida, in roƙi tsofaffi su nuna mini ledar magungunansu. Mahaifina ya ce in fara da tasa.